Papiyon mota: shin saka babba yana ƙara wa inji ƙarfi?

Papiyo, wanda masu garaji ke kira da cikakken sunansa na Faransanci boîtier papillon, shi ne ƙofar da iska ke bi ta shiga injin mota mai shan isansi. Gajeren bututu ne, galibi na alminiyom. A cikinsa akwai faifai mai kama da murfin gwangwani da ke juyawa a kan wata ƴar sanda. In direba ya taka totur, wato fedar ƙara wuta, faifan ya kwanta, iska ta wuce. In ya ɗaga ƙafa, faifan ya miƙe ya tare hanya. An ba shi wannan suna ne saboda kamarsa da fukafukan malam-buɗe-littafi.

A shagunan intanet da wajen wasu masu gyara, ana tallar papiyo mai faɗi fiye da na kamfani, da alkawarin cewa mota za ta ƙara ƙarfi da gudu. Gaskiyar maganar ita ce babban papiyo yana ƙara ƙarfi ne kawai in shi ne wuri mafi ƙunci a duk hanyar da iska ke bi. A yawancin motocin da ba a taɓa injinsu ba, irin su Corolla da Starlet da ke zirga-zirga a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ƙuncin yana wani wuri daban. Mai mota yana iya kashe kuɗinsa, ya ƙare da motar da ta fi wuyar tuƙi.

Aikinsa a cikin inji

Inji ba ya ƙona mai shi kaɗai, sai an gauraya shi da iska. Don isansi ya ƙone sarai, kowane giram 1 na mai yana buƙatar iska giram 14,7. Lita guda ta isansi tana cin iska wajen lita 9000 ke nan. Ƙara mai abu ne mai sauƙi ga inji, shigar da iska ita ce aikin. Shi ya sa ake cewa ƙarfin inji gwargwadon numfashinsa.

Iska tana da zango-zango kafin ta isa inda ake ƙona ta. Tana shiga ta filtar iska, ta bi tiyo, ta ratsa papiyo, ta faɗa kolekta, wato marabar da ke raba ta zuwa kowace silinda. Daga nan ta bi ramukan kan inji, ta wuce bawul, waɗanda ake kira supap, sannan ta cika silinda. Bayan ƙonewa hayaƙi ya fita ta salansa. Kowane zango yana iya zama wurin ƙunci, kuma mafi ƙuncinsu shi ke yanke yawan iskar da za ta shiga.

Mai zuba isansi a kwalba ya san wannan. Kome faɗin bakin mazurari, man ba ya wuce abin da wuyan kwalba ya yarda, kuma kwalbar lita ba ta ɗaukar fiye da lita. Papiyo shi ne bakin mazurarin, bawul su ne wuyan kwalba, silinda kuwa ita ce kwalbar.

Iri biyu da ake samu

Akwai papiyo mai waya. A nan wayar ƙarfe ce ke haɗa feda da faifan kai tsaye. A jikinsa akwai ma'aunin da ke shaida wa kwamfutar mota iyakar buɗewar faifan, da wani ƙaramin bawul da ke sakin iska kaɗan don inji ya riƙe ralanti in mota tana tsaye. Shi ake samu a yawancin motocin shekarun 1990.

Akwai kuma mai lantarki. A nan babu waya tsakanin ƙafar direba da inji. Feda tana aika saƙo ga kwamfuta, ita kuma ta juya faifan da wani ƙaramin motar lantarki. Kamfanin BMW ya fara saka shi a manyan motocinsa a ƙarshen shekarun 1980, kuma daga shekarun 2000 ya game kusan dukan motoci. Toyota na kiran nata ETCS-i. Sanin irin wanda mota ke da shi yana da muhimmanci, domin canza mai lantarki ya fi rikitarwa nesa ba kusa ba.

Lissafin faɗi

Ana auna papiyo da milimita, daga gefe zuwa gefe na ramin. A injunan lita 1,6 zuwa 2 yakan kasance tsakanin milimita 50 da 60. Ƙarin da ake gani kaɗan a ma'auni yana da yawa a fili: daga 55 zuwa 65, filin ramin yana tashi daga santimita murabba'i 24 zuwa 33, ƙarin kashi 40 cikin 100. Wannan adadi ne ƴan talla ke so a ji, don mai saye ya zaci ƙarfi ma haka zai ƙaru.

Ga yadda lissafin yake a zahiri. Injin mota yana cika silindunsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. Injin lita 1,6 da ke juyi 6000 a minti, iyakar iskar da zai iya ja ita ce lita 4800 a minti, wato lita 80 a daƙiƙa, kuma sau da yawa ba ya kai wa haka. In wannan iska ta bi ramin milimita 55, gudunta kusan mita 34 ne a daƙiƙa. Matsin da iska ke rasawa a irin wannan gudu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. In aka saka na milimita 65, gudun ya sauka zuwa mita 24, hasarar ta ragu da rabi. Abin da aka ceto bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. A injin mai ƙarfin doki 110, ribar ba ta kai doki guda ba, kuma ko ita sai an take feda ƙasa, inji yana ƙarshen juyinsa. (Dokin da ake nufi a nan na ainihin ƙarfin inji ne, ya bambanta da dokin haraji, 7 ko 9, da ake rubutawa a kart giriz.)

Wani misali daga tseren motoci yana nuna yawan iskar da ƙaramin rami ke iya wucewa da ita. A gasar rali ta duniya, dokar da ta fara aiki a 2017 ta tilasta wa motoci shan iska ta ramin milimita 36 a bakin turbo, amma a lokacin injunansu na lita 1,6 sun riƙa ba da doki wajen 380. Turbo ne ke zuƙo iskar da ƙarfi, gaskiya ne, sai dai misalin ya isa ya nuna cewa ramin milimita 55 bai shaƙe motar doki 110 ba.

Me ya sa direba ke jin kamar ta ƙara ƙarfi?

Da yawa daga waɗanda suka canza papiyo suna rantsuwa cewa motarsu ta farka. Abin da suka ji gaskiya ne, fassararsa ce ke da gyara. Da babban faifai, ɗan taki kaɗan yana buɗe hanya mai faɗi. Iskar da a da sai an taka feda da kyau take shiga, yanzu tana shiga tun ƙafa ba ta yi nisa ba. Mota sai ta zabura da wuri. Ƙarfin da ke can ƙasan feda ne aka matso da shi sama, jimillarsa tana nan yadda take.

A tuƙin cikin gari ma abin ya fi fitowa fili. Inji mai juyi 2000 a minti yana buƙatar kashi ɗaya cikin uku ne na iskar da yake ja a 6000. Tun kafin feda ta kai ƙasa, kolekta ta riga ta cika. Haka ƙananan akwatunan lantarki da ake liƙawa a feda suke aiki: suna sa kwamfuta ta zaci an taka fiye da yadda aka taka. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Hanyar tabbatarwa ita ce agogo: a auna daƙiƙun da mota ke ɗauka daga kilomita 60 zuwa 100 a awa, a giya ɗaya, a hanya ɗaya, kafin canji da bayansa.

Inda babba ke da amfani

Wannan al'ada ta yi ƙarfi ne a Amurka, wajen masu manyan injuna. Ford Mustang ta 1987 zuwa 1993 tana da injin silinda 8 na kusan lita 5, mai doki 225 lokacin da ta fito, amma papiyonta milimita 60 ne. A juyi 5000, irin wannan inji yana iya neman iska fiye da lita 200 a daƙiƙa, wadda za ta ratsa ramin da gudun mita 70 da wani abu. A nan hasarar tana kai wa kashi 3 cikin 100, don haka na milimita 65 ko 70 yana iya maido da ƴan dawakai. Masu waɗannan motoci kuma sukan haɗa canjin da sabuwar kolekta, da kan inji mai manyan ramuka, da salansa mai faɗi. Daga irin wannan aiki ne tallar ta bazu zuwa ƙananan motocin da lissafinsu ya sha bamban.

Toyota ma ta nuna yadda ake yi. Injin 4A-FE na lita 1,6, wanda ke cikin Corolla da yawa na shekarun 1990, yana ba da doki tsakanin 100 da 115, gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa shi. Ɗan'uwansa 4A-GE mai bawul 20, wanda ya fito a Japan a 1991, girmansu ɗaya amma yana ba da doki 160 a juyi 7400. Yana da papiyo huɗu, kowace silinda da nata. Amma yana da bawul biyar a kowace silinda maimakon huɗu, da sandunan buɗe bawul na daban, da matsin silinda mafi yawa, da kwamfutar da aka tsara don wannan aiki. Papiyon guda ne daga cikin abubuwa da yawa da aka canza tare.

Ke nan babban papiyo yana da ma'ana ga injin da aka ƙara wa girma, ko aka faɗaɗa ramukan kansa, ko aka ɗaga iyakar juyinsa, ko aka saka masa turbo mai matsi sosai. A jerin gyare-gyare yana zuwa kusa da ƙarshe, bayan an buɗe sauran zangunan.

Matsalolin da yake jawowa

Ta farko ita ce wuyar sarrafawa. Motar da ke zabura da ɗan taki tana wahalar da direba a cunkoson kasuwa, tsakanin babura da amalanke da masu tafiya a ƙasa. A cikin rairayi kuma ƙafafu suna saurin juyawa a banza, mota ta kafe. Sau da yawa shan mai yana ƙaruwa, domin ƙafa ba ta iya riƙe taki daidai.

Ta biyu ita ce ralanti. Kwamfuta ta saba da iskar da tsohon faifai ke saki in yana rufe. Da sabo, inji yana iya hawa da sauka, ko ya mutu a danja, musamman in an kunna kilim.

Ta uku ita ce rashin dacewa da bakin kolekta. In aka ɗaura papiyo 65 a kan kolekta mai baki 55, iska tana cin karo da gefen ƙarfe, ramin kuma yana nan 55. Sai an kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya faɗaɗa bakin, a kuma wanke garin ƙarfen sarai, don ko kaɗan ya shiga silinda zai yi ɓarna.

Ta huɗu ita ce ɓarauniyar iska. In juwan, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin papiyo da kolekta, bai zauna daidai ba, iska tana shiga ta gefe. Kwamfuta ba ta ƙidaya ta ba, filta kuma ba ta tace ta ba. Mai sai ya yi wa iska kaɗan, inji ya yi zafi, ƙura ta ci silinda. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ta biyar ta shafi mai lantarki. Yana da ma'auni biyu da kwamfuta ke kwatantawa a kowane lokaci. In saƙonsu ya saɓa, ko aka saka papiyon wata mota daban, kwamfuta tana rage ƙarfi don kariya, fitilar inji ta kama, mota ta koma rarrafe. Wannan yana iya faruwa a tsakiyar hanya, nesa da garaji.

Mafi haɗari shi ne faifai ya maƙale a buɗe, abin da kayan jabu ko wayar da ba a daidaita ba ke jawowa. In haka ta faru, direba ya take birki da ƙarfi ya riƙe, kada ya riƙa taka yana saki, domin taimakon birki yana raguwa in papiyo yana buɗe. Ya fitar da giya, ya gangara gefe, ya kashe inji bayan ya tsaya. Kada a zare makulli mota tana tafiya, sitiyari yana iya kullewa.

Motocin gazuwal

Masu Hilux da Land Cruiser na gazuwal ba su cikin wannan magana. Injin gazuwal yana shan iska a buɗe koyaushe, yawan man da aka fesa ne ke ƙara ko rage ƙarfi. Yawancin tsofaffi ba su da papiyo sam. Sababbi suna da wani faifai mai kama da shi, amma aikinsa taimaka wa tsarin maido da hayaƙi cikin inji, da kashe inji ba tare da girgiza ba. Faɗaɗa shi ba ya ƙara doki ko ɗaya.

Yadda ake gane ko papiyo ya yi ƙunci

Ana iya aunawa kafin a saya. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996, da na isansi na Turai tun 2001, suna da bakin OBD inda ake jona akwatin bincike, wanda masu garaji ke kira baliz. In motar tana da ma'aunin matsi a kolekta, a karanta shi makulli yana buɗe, inji a kashe. Zai nuna matsin iskar waje, kusa da kilopaskal 100, ya ɗan gaza haka a garuruwa masu tudu kamar Damagaram. Sannan a fita hanyar da babu cunkoso, mutum biyu, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana duba baliz, a take feda ƙasa har inji ya kusa ƙarshen juyinsa. In adadin ya sauka da 2 ko 3 kawai, hanyar iska a buɗe take, babu abin da babban papiyo zai ƙara. In ya sauka sosai, a fara zargin filta da tiyo, domin su ma suna cikin wannan lissafi. Motar da ba ta da wannan ma'auni ana jona mata agogon matsi a kolekta.

Abin da ke cinye ƙarfin mota a nan

A ƙasar nan zafi da ƙura sun fi faɗin papiyo tasiri. Iska mai zafin digiri 45, kamar ta Afrilu da Mayu, ta fi ta digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 8 cikin 100. Inji yana shan lita ɗaya, amma abin ƙonawa da ke ciki ya ragu. Wannan hasara ta ninka ribar babban papiyo sau da yawa. Shi ya sa cire akwatin filta na kamfani a saka buɗaɗɗiyar filta a gefen inji yakan jawo hasara, domin iskar da ke ƙarƙashin murfin mota ta fi ta waje zafi.

Ƙurar hunturu kuma tana toshe filta tun kafin kilomitar da littafin mota ya faɗa. Tururin man inji da ke komawa cikin tiyo yana haɗuwa da ƙura ya zama baƙin danƙo a gefen faifan. Alamominsa su ne ralanti mai rawa, mutuwar inji in an saki feda, da jinkiri wajen tashi. Yawancin motocin da ke shigowa sun riga sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su sauka tashar jiragen ruwa, da tsofaffin buji da injektocin da suka fara toshewa. Man da ya daɗe a jarka ko kwalba a bakin hanya, in ƙura ko ruwa sun shige shi, yana ƙara toshe su.

Wanke papiyo aiki ne na ƙasa da awa ɗaya. A kashe inji, a cire tiyo, a fesa maganin da aka yi don wannan aiki a tsumma mai tsabta, a goge ramin da gefen faifan. Kada a kankare da ƙarfe ko takardar yashi. In mai lantarki ne, kada a tura faifan da ƙarfi, kuma kada a saka yatsa makulli yana buɗe. Kada wannan magani ya taɓa ma'aunin iska da ke bayan filta, yana da nasa na daban. In an kwance papiyon gaba ɗaya a saka sabon juwan. Wasu motoci suna buƙatar a sake koya wa kwamfuta matsayin faifan da baliz, in ba haka ba ralanti zai hau. Lambobin da baliz ke nunawa suna taimakawa: P0120 zuwa P0124 na ma'aunin papiyo ne, P0505 na ralanti, P0171 kuwa yana nufin iska ta yi wa mai yawa.

Kafin a saya

Wanda motarsa ta yi sanyi ya fara da sabuwar filta, da buji, da wanke papiyo da injekta, a auna matsin silinda, a duba ko salansa ta toshe. Waɗannan suna maido da ƙarfin da mota ta rasa. In papiyon ne ya lalace, a nemi mai lambar kamfani iri ɗaya da tsohon, sabo ko na hannu, a kuma gwama filoginsu kafin a biya.

Wanda kuma ya riga ya gyara injinsa sosai, awo ya nuna papiyo ya yi masa ƙunci, ya ƙara milimita 5 zuwa 8 maimakon ya nemi mafi girma a kasuwa. Ya tabbatar bakin kolekta ya dace, ya samu mai iya daidaita kwamfuta, ya tambayi kamfanin inshorarsa ko canjin ya shafi yarjejeniyarsu. Ya kuma ajiye tsohon papiyon da juwan ɗinsa, domin in motar ba ta karɓi sabon ba, maido da na kamfani shi ne gyara mafi araha.